Telan Kona da Gudun Irin Gero

Tun da na dawo daga garin Cake ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zo rumfata, maimakon ya miƙo yadi, sai ya ja benci ya zauna ya ce in ba shi labarin gudu. Na ba da shi har ya fara canza kama a bakin mutane. Jiya na ji wani yana rantsuwa wai a kan jaki na ƙarasa, wani kuma ya ce soja ne suka tsince ni a hanya suka jefa mota. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in koma kan kekena.

Sunana Habu, amma a Kona kowa Dogo tela yake ce mini. Shekarar nan ita ce ta biyu da ruwa ya ƙi mu. Rumbuna sun koma ɗakin kaji, kajin ma an cinye su, samari duk sun tafi cin rani Katsina da Kano. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mahaifina. Tun da nake ban taɓa ganin Baba ya taɓa irin shuka ba, komai yunwa. A wannan shekara da hannunsa ya sauko da damin iri ya miƙa wa matata ta daka wa yara. Daga ranar ya daina fita majalisa. Ya gaya mini in ruwan shuka ya sauka ba shi da abin da zai jefa a rami, zai bar wa maƙwabci gonar ya bi sauran zuwa Kano, ko gadin ƙofar wani ne ya yi. Na san Baba, ba ya faɗar abin da ba zai yi ba.

Ana cikin haka, sanyi ya wuce zafi bai riga ya kankama ba, sai saƙo ya zo daga kumandan, mai mulkin yankinmu. Lokacin soja ke mulki, saƙonsu kuwa ba a ce masa sai gobe. Za a yi gudun ƙafa daga Tasawa har Cake, a bi ta Kanan-Bakashe da Mayayi, rana ɗaya, kowane gari ya ba da mutum guda. Garin da mutuminsa ya isa kafin a sauke tuta da yamma, za a ba shi buhunan irin gero a raba wa magidanta. Ba sai ka zo na ɗaya ba, ka dai iso.

Dattawa suka taru ƙofar mai gari suka duba wanda ya rage. Daga tsofaffi sai marasa lafiya, sai ni. Na yi musu bayani cewa rabona da gudu tun ina kiwon awaki. Wani tsoho ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Dogo, tun sahe har marece ƙahwahunka na gudu bisa keke, ba mu taɓa jin sun ce sun gaji ba. Yanzu dai ƙasa za ka sa musu." Kowa ya ce wannan magana ce ta hankali. Aka yi fatiha, shi ke nan na zama ɗan gudun Kona.

An ce da gajeren wando ake yi. Ni magidanci da 'ya'ya huɗu ban ga yadda zan ratsa ƙasa biyu da gwiwa a waje ba, sai na ɗinka nawa ya sauka har ƙwauri, na yi masa aljihu biyu manya. Ɗaya na sa katin ɗan ƙasa, ɗaya goro. Takalmina na taya ne. Aka ɗora ni a amalanke zuwa Tasawa don kada in taɓa ƙafafun tun kafin ranarsu, mata na leƙowa ta kan danga kamar ana kai rago kasuwa.

A Tasawa aka sauke mu a lakwal, wato makarantar boko, aka ce mu kwana a aji. Bencin yara ne, in na ɗora kai ƙafafu na lilo, in na ɗora ƙafafu kai na lilo, daga baya na haƙura na shimfiɗa tabarma a ƙasa. Abincin yamma tuwon jar dawar nan ce ta taimako, wadda jaki ma sai ya shinshina sau biyu kafin ya yarda. Aka ƙara wa kowa gwangwanin kifin sardin. Wani mutumin ƙauye ya ƙi buɗe nasa, ya ce zai kai wa uwargidansa ta gani.

A nan na haɗu da mutum biyu da ba zan manta ba. Na farko Isufu, malamin lakwal ne daga wajen Tasawa, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. Yana da agogo, yana da takalmin gudu na gaske, kuma ya karanta yadda ake gudu a littafi. Na biyu Agali, makiyayi ne daga cikin mutanen Abzin da suka daɗe da zama a ƙasar Mayayi. Fari ya cinye masa dabbobi, ya koma neman noma. Siriri ne, ba ya magana sai ta kama, kuma ya ce da rawaninsa zai yi gudu, don bai ga abin da ya haɗa baki da ƙafa ba. Mushe ya tara mu ya ba mu dokoki uku: kada mu sha ruwa da yawa, kada mu zauna, kuma kada mu tsaya gaisuwa da kowa. Agali ya tambaye shi ko wanda ya rubuta littafin yana da dangi.

Bayan sallar asuba aka jera mu gaban tuta. Kaftin ya yi dogon jawabi da Faransanci, sarjan ya fassara mana shi da cewa a yi gudu, ban da wasa. Babu wanda ya gaya mana da bindiga ake ba da izini. Da aka harba sama, rabinmu suka kwanta ƙasa, mutum uku suka koma cikin aji a guje. Ni na tsinci kaina a bayan wata bishiyar bedi wadda ba ta kai kaurin cinyata ba. Sai da sarjan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana nuna mana yamma.

Farkon tafiyar na ji daɗi ƙwarai. Iska mai sanyi, ƙafafu na tafiya da kansu, har na fara tunanin ashe tsohon nan gaskiya ya faɗa. Matsalar ta fara ne a ƙauyen farko. A ƙasarmu babban mutum ba ya gudu sai in wani abu ya biyo shi. Mata a bakin rijiya suka hango garada kusan talatin sun taho daga gabas suna haki, ba su tsaya tambaya ba, suka yar da guga suka sungumi yara suka shiga gabanmu. Kafin mu fita ƙauyen, mutanen da ke gudu sun ninka mu. Wani tsoho yana jan akuya ya jera da ni yana tambayata ko wuta ce ko soja ne. Na ce masa irin gero ne. Ya dube ni kamar na taɓu, amma bai tsaya ba sai da muka kai gonakin bayan gari.

Dokar Mushe ta uku kuwa ba ta kai hantsi ba. Ka zo wuce dattawa zaune gindin gawo, sun bi ka da ido, ta yaya za ka wuce kamar kare? Sai ka rage gudu, ka cire takalmi, ka durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya muka ji da rashin ruwa. A Kona in an yi wannan an gama. Mutanen yamma kuwa sai sun tambayi ɗan wane ne kai, in an gano kakarka ta taɓa aure a garin sai a sake gaisuwar daga farko. Durƙusawar ba ita ce wahala ba, tashin ne. Mushe da kansa na gan shi tsugune gaban wani mai gari yana amsa gaisuwa yana satar kallon agogo.

Inda ƙasar Tasawa ta ƙare ta Mayayi ta fara akwai shinge, ganga biyu da sanda a gicciye, da jandarma ɗaya, ɗan sandan hanya, a inuwa. Ashe takardar da aka aika masa game da gudun tana cikin motar da ke bayanmu. Ya tashi ya tare hanya ya ce kowa ya fito da kati, kuma a gaya masa abin da ya faru a Tasawa. Mutane cikin gajeren wando ba aljihu, ina kati zai fito? Mushe ya yi Faransanci har ya gaji, jandarma ya ce Faransanci ba kati ba ne. Nan wandona da aka yini ana yi wa dariya ya yi rana. Na zaro katina, ya jiƙe da gumi amma ana ganin fuskata. Jandarma ya duba ya ce to ni na wuce, sauran kuma ni ne shaidarsu, in aka nemi ɗaya aka rasa, Kona za a zo. Haka na shiga ƙasar Mayayi a matsayin uban mutum talatin da ban san sunan biyar daga cikinsu ba.

Muka shiga Kanan-Bakashe rana ta take. Rijiyoyinsu sun fi namu zurfi nesa ba kusa ba, da sa ake jan guga, sai san ya yi tafiya mai nisa kafin ruwa ya leƙo. A bakin kasuwa wata tsohuwa ta tare ni da ƙwarya. Fura ce, amma ruwa ya fi gero yawa, kana iya hango gindin ƙwaryar. Na gane abincinta ne na yinin nan. Na ce Inna na gode, na ƙoshi.

"Ɗana, baƙo ba ya ratsa garinmu da bushasshen baki," in ji ta. "Sha hurarka ka tahi, Allah shi kai ka."

Na kurɓa sau biyu na mayar mata, na ba ta goro ɗaya. Kunya ta kama ni har na fita garin ban ɗaga kai ba.

Daga nan ƙafafun keken ɗinki suka fara faɗin gaskiya. Rairayin ƙasar Mayayi yana da taushi, ka taka gaba ya mayar da kai rabin taku baya. Kowa ya wuce ni, har mai gwangwanin sardin. Na yi tafiya mai tsawo ban ga kowa ba sai gonaki fayau da ƙasusuwan shanu. Ina hawa wani tudu sai na hango dukan 'yan gudun a tsaye wuri ɗaya. Ashe gawa aka fito da ita daga wani ƙauye, mazan garin sun tafi cin rani, masu ɗaukar makara ba su kai ba. Na gaba ya tsaya ya sa kafaɗa, na bayansa ya tsaya, haka har kowa. Da na iso na tarar an sa mamacin a kabari, na samu zuba ƙasa da addu'a. Motar soja da ke bin mu ta iso, sarjan ya sauko da niyyar faɗa, ya ga abin da ake yi, ya cire hula ya shiga sahu. Da aka shafa fatiha ya ce mana tuta dai ba ta jiran kowa.

Muka tashi tare kamar yanzu aka fara. Agali ya dawo gefena ya ce ya lura da ni, ina gudu kamar mai bin ɓarawo, in tsaya kamar wanda ya kama shi. Ya nuna mini tafiyar raƙumi, wadda ba gudu ba ce kuma ba a tsayawa. Ya ba ni ƙwallon dabino in riƙe a baki don kada maƙogwaro ya bushe. Mushe ya ce wannan ba ya cikin littafi, sannan ya miƙa hannu a ba shi nasa.

Mun isa Mayayi da la'asar. An ajiye mana randunan ruwa da ɗan ƙuli-ƙuli, muka yi salla a tsaye-tsaye, don duk wanda ya yi sujada sai an kama shi ya tashi. Nan maɗaurin takalmina ya tsinke. Da na duba tafin ƙafata na ga ya yi ruwa ya fashe, jini ya haɗe da rairayi. Agali ya tsuguna ya duba. Ya warware gefen rawaninsa, ya sa haƙori ya yage tsawon kamu biyu, ya naɗe mini ƙafafun tam. Wanda ya san mutanensu ya san abin da rawani yake a wurinsu. Na ce masa in mun koma zan ɗinka masa wani. Ya ce in fara komawa tukuna.

Muka fita Mayayi mu uku, sauran sun yi gaba. Mushe ya duba agogo ya duba rana, na ga fuskarsa ta canza. Da tafiyata ba za mu kai ba, kuma su ma garuruwansu na jiran iri kamar nawa. Na ce su tafi. Suka ƙi. Na rantse musu in ba su tafi ba zan zauna a nan in ƙi tashi. Da ƙyar suka yarda, Agali yana tafe yana waiwaye har tudu ya ɓoye su.

Wannan yanki tsakanin Mayayi da Cake shi ne ban cika ba da labarinsa a rumfa ba, don babu abin dariya a ciki. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na zagi tsohon da ya zaɓe ni, na zagi keken ɗinki. Akwai wata aduwa da na tsaya gindinta, na ce in na zauna minti ɗaya babu wanda zai sani. Sai na ga Baba a raina, zaune kan benci a ƙofar gidan wani a Kano, yana tashi tsaye duk lokacin da yaron gidan ya shigo da mota. Na tofar da ƙwallon dabinon na ci gaba da jan ƙafa.

Rana ta yi ja lokacin da na hango mutum biyu sun nufo ni daga gaba, suna ɗingishi. Agali ne da Mushe. Sun isa, an rubuta garuruwansu, sun sha ruwa, sun juyo. Mushe ya cire takalmin gudunsa yana riƙe da shi a hannu. Ɗaya ya shiga damana ɗaya haguna, ba su ɗauke ni ba don an hana, amma duk inda na karkata sai in tarar da kafaɗa. Mushe ya ce sauran 'yan gudun na can sun yi layi gaban kaftin, kowa na gaishe shi ɗaya bayan ɗaya, ina gajiya, ina iyali, ina mutanen gida, don kada ya samu sararin ba mai ƙaho izinin busa a sauke tuta. Mai sardin har ya shiga layin sau biyu.

Muka shiga Cake mutane sun yi dafifi. A filin an ja layi da toka, bayansa sandar tuta. Ina ganin layin, ina ganin sojan da ke riƙe da igiya. Saura taku ashirin, saura goma. Gaisuwa ta ƙare wa mutanena, kaftin ya ɗaga hannu. Saura taku biyu aka busa ƙaho.

Wanda ya yi zamanin nan ya sani, in aka busa ƙahon sauke tuta, ko a kan jaki kake sai ka diro ka ƙame. Wanda ya motsa ya kwana a hannu. Duk filin ya tsaya cak. Ni ma na ƙame, hannuwa a cinya, tokar nan a gabana kamar in miƙa yatsa in taɓa, tuta kuwa ta fara saukowa. Sai na ji muryar Agali a bayana, ƙasa-ƙasa.

"Tela, rufe idonka."

Ya sa goshinsa a tsakiyar bayana ya tura. Na tafi gaba ɗaya kamar an sare giginya, hannuwana na nan a cinya don tsoron soja. Tsawon da aka yi shekaru ana yi mini ba'a da shi ya kai haɓata bayan layi. Leɓena ya fashe, gemuna ya cika da toka. Ina kwance na buɗe ido ɗaya na ga tuta ba ta kai rabin sanda ba.

Da ƙaho ya yi shiru kaftin ya tako ya tsaya a kaina ya tambayi wanda ya motsa. Mushe ya matso ya shiga zuba Faransanci, daga baya ya gaya mini wai cewa ya yi girman tuta ne ya kayar da ni. Kaftin ya ɗaga hannu ya dakatar da shi. Ya tambaye ni da Hausa, Hausar ƙauye sosai, abin da ya fito da magidanci kamata wannan wahala.

"Ranka shi daɗe, tsohona ya dake irinshi ya ba jikoki," na ce. "In ban kai mashi wani ba, barin gonar zai yi."

Ya dubi ƙafafuna. Sannan ya juya ya ce wa sarjan ya rubuta Kona. Zai wuce ya tsaya gaban Agali, wanda ke ƙame har yanzu yana kallon sama, ya ce masa wata rana in zai taimaki mutum ya bar masa haƙoransa.

Kwana biyu na yi a Cake ban iya taka ƙasa ba. Mutanen garin suka yi ta kawo ruwan zafi da man shanu ɗan kaɗan da suka rage da shi. Na rabu da Agali a Mayayi, Mushe a Tasawa, kowa ya bi buhunansa. Mota ta sauke ni Kona a kan nawa buhunan, ƙafafu a naɗe, leɓe kamar na raƙumi.

Aka raba iri ƙofar mai gari, kowane gida da tiyarsa, wato kwanon awo guda. Na kai wa Baba nasa a ƙwarya, na tarar da shi zaune a zaure. Bai tambaye ni hanya ba, bai dubi ƙafafuna ba. Ya tsoma hannu cikin geron ya bar shi a ciki ya daɗe. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza, ya ce mai saurin nuna ne, zai yi a gonar tudu. Na juya ina gyara tsumman ƙafata.

Can ya ce, "Habu, in ka iya tsayuwa gobe, ka kai sungumina na shuka wurin maƙeri. Bakinshi ya dakushe."